Kundin aikin shirin Ravel, daga hunturu zuwa bayan Sallah

11 ga Janairu, 2025

Yau na fara. Ranar 7 ga Maris mai zuwa Maurice Ravel, gwanin kiɗa na ƙasar Faransa, zai cika shekara 150 da haihuwa, ni kuma na ɗaukar wa kaina alkawarin yin shirin murya da Hausa a kan rayuwarsa da kiɗansa, kashi huɗu, kowane kashi minti ashirin. Kayan aikin duka-duka su ne wayata, da makirfo mai igiya, da tsohuwar kwamfutar da ba ta riƙe caji, sai ɗakin baƙi da na rataya wa barguna biyu saboda amsa-kuwwa.

Tun a jimlar farko na cije. Da me zan kira shi? In na ce makaɗi, mai sauraro zai hango mutum da ganga a kafaɗa. In na ce mawaƙi, za a tambaye ni wace waƙa ya yi, wa ya yi wa. Shi kuwa mutumin nan zama yake a teburi da alƙalami, ya rubuta wa kowane abin kiɗa abin da zai yi, daga sarewa har ƙaho, sannan mutum tamanin ko fiye su zo su kaɗa abin da ya rubuta. Na bayyana wa maiɗakina haka tana tankaɗen gari, ta ce, "To ai mai zanen gini ne, shi ya zana, magina su ɗora." Na rubuta maganarta a gefen takarda. A shirin dai zan riƙa cewa mai tsara kiɗa.

18 ga Janairu

Mako guda ina karatu. An haife shi a 1875 a Ciboure, wani ƙaramin garin masunta a yankin Basque, dab da iyakar Faransa da Sifaniya. Uwarsa, Marie Delouart, 'yar yankin ce. Ubansa injiniya ne haifaffen Suwizalan, mai son ƙere-ƙere. Yana jariri suka koma Paris, amma Sifaniya ba ta taɓa fita daga kunnensa ba, ita ce ke ta leƙowa a ayyukansa har ƙarshen rayuwarsa. Daga wajen uba kuma ya gaji son inji da agogo da kayan wasa masu wani. Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya taɓa kiransa maƙerin agogon Suwizalan, kuma har yau ba a daina gardama kan ko yabo ne ko zambo ba. Ni a yanzu ina jin rabi da rabi ne. Na saurari Jeux d'eau, wanda ya rubuta wa piyano a 1901, sau uku a jere. Ruwa ne zalla, yana tsalle yana zuba, ba ɗigo ɗaya da ya faɗi inda bai kamata ba. Ya burge ni, amma bai taɓa min zuciya ba. Na rubuta wannan don in ga ko ra'ayina zai canza.

26 ga Janairu

Dabarata ita ce in buɗe shirin da Boléro, kiɗan da aka fi saninsa da shi, tunda ganga ce ke jan sa daga farko har ƙarshe, mu kuma mutanen ganga ne. Don in gwada, na ɗauki 'yar sifika na je wajen wani dattijo a bayan layinmu, tsohon makaɗin kalangu da ya yi wa mahauta kiɗa shekaru masu yawa kafin hannu ya fara yi masa rawa. Kowa Baba yake ce masa. Na same shi a kan tabarma yana shan hantsi, na gaishe shi, na ajiye goro, na kunna.

Ga wanda bai taɓa ji ba: ƙaramar ganga irin ta soja ce ke farawa, a hankali kamar raɗa, da wani bugu gajere. Wannan bugun shi za ta yi ta maimaitawa sau 169, ba ƙari ba ragi, na tsawon kusan minti goma sha biyar. A kansa sarewa ke shigowa da karin, ta gama ta miƙa wa wani abin busa, shi ma ya miƙa wa wani. Kari biyu ne kawai, ana karɓa-karɓa har sau goma sha takwas. Abin da ke canzawa shi ne wanda ke riƙe da karin, da kuma ƙarfin sautin da ke ta hauhawa.

Ba a yi minti biyu ba Baba ya ce, "Wannan taken wa ne?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Baba."

"To me gangar ke cewa?"

"Ba ta cewa komai."

Ya dube ni kamar na ce masa na ga rijiya ba rami. A wajensa kalangu baki gare shi, in ka matsa igiyoyin a hammata sai ya kira sunan mutum, ya yi masa kirari, ya zuga shi ya zaro kuɗi. Gangar da ba ta magana, me ta zo yi? Amma bai ce in kashe ba. Can wajen minti na bakwai na ga yatsansa na bin bugun a kan gwiwa. Da ƙahonin nan masu zurfin murya suka shigo ya ce, "Mai gangar nan fa yana shan wuya. Ko kuskure ɗaya ba a yarda ya yi ba." Dab da ƙarshe akwai inda Ravel, bayan ya tsare mutane a murya ɗaya tun farko, yake ɗaga kiɗan duka zuwa wata murya na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya dawo da shi ya kife. Ban gaya wa Baba da wannan ba. Yana isowa wurin ya miƙe zaune ya ce, "Yauwa! Ashe yana sane." Da aka gama ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, mutumin nan ya iya ja wa mutum rai."

Na dawo gida na soke buɗewar da na tsara. Ganga ba ita ce ƙofar shiga ba, tunda tasu da tamu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ƙofar ita ce jan ran. Boléro ya koma kashi na uku, inda tarihi ya ajiye shi.

2 ga Fabrairu

Ɗauka ta farko ta lalace. Hazo ya busar min da maƙogwaro, zakaran maƙwabta ya shiga sau huɗu, aka ɗauke wuta ina tsakiyar jimla. Daga yanzu sai bayan sha ɗayan dare.

9 ga Fabrairu

Kashi na ɗaya ya shiga, minti ashirin da uku. Abin da ya fi daɗin faɗa shi ne labarin faɗuwarsa jarrabawa. Ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1889 yana ɗan shekara 14, daga baya ya zama ɗalibin mai tsara kiɗa Gabriel Fauré. A zamanin akwai gasar da ake kira Prix de Rome, wanda ya ci gwamnati ke ɗaukar nauyinsa ya je Rum ya zauna ya yi ta rubutu. Sau biyar Ravel ya shiga tsakanin 1900 da 1905, bai taɓa zuwa na ɗaya ba. A karon ƙarshe, yana ɗan shekara 30, sunansa ya riga ya zaga gari, amma tun zagayen farko aka fitar da shi. Sai aka duba aka ga duk waɗanda suka tsallake ɗaliban malami ɗaya ne, Charles Lenepveu, wanda kuma yana cikin alƙalan. Jaridu suka yi ca. Kafin shekarar ta ƙare shugaban makarantar, Théodore Dubois, ya sauka, aka ɗora Fauré. Wannan kam ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba.

Na rufe kashin da Ma mère l'Oye, ƙananan kiɗe-kiɗen tatsuniya da ya rubuta wa 'ya'yan abokansa su biyu, Mimi da Jean Godebski, don su kaɗa tare a piyano ɗaya. Shi bai taɓa aure ba, bai haihu ba, amma ana cewa in ya je gidan mutane ya fi son zama a ƙasa da yara a kan hira da manya.

15 ga Fabrairu

Yaƙi. Nan ne ra'ayina ya fara motsi.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 yana da shekara 39, ga shi ɗan tsurut, tsayinsa bai wuce mita ɗaya da santimita 61 ba. Sojoji suka ƙi ɗaukarsa. Ya yi ta naci har aka karɓe shi direban babbar mota a 1915, a 1916 kuma aka tura shi wajen Verdun, inda aka yi ɗaya daga cikin munanan gumurzun yaƙin. Motar tasa har suna ya raɗa mata, Adélaïde. A wannan shekarar ce wasu masu tsara kiɗa suka kafa ƙungiyar kare kiɗan Faransa, suna so a hana kaɗa sababbin ayyukan Jamusawa da 'yan Ostiriya. Suka nemi ya sa hannu. Daga bakin daga ya rubuto musu ya ƙi, yana mai cewa kiɗan da ya toshe kunne daga na waje lalacewa zai yi, har ya ambaci Schoenberg da Bartók, masu tsara kiɗa daga ɓangaren abokan gaba. Waɗanda ke zaune a Paris suna ta kumfar baki, wanda ke tuƙi cikin ruwan harsashi shi ne ya ce a bar mutane su ji kiɗa.

Ya kwanta ciwo, aka yi masa aiki, sannan a Janairun 1917 uwarsa ta rasu. Ita ce mutum mafi kusa da shi a duniya. A cikin wannan hali ya ƙarasa Le Tombeau de Couperin, kiɗan piyano kashi shida, kowane kashi da sunan abokin da yaƙi ya ci. Ɗaya daga ciki na 'yan'uwa biyu ne, Pierre da Pascal Gaudin, waɗanda bam ɗaya ya kashe su tare a Nuwamban 1914. Wadda ta fara kaɗa shi a bainar jama'a a 1919, Marguerite Long, kashi na ƙarshe na mijinta ne.

Na kunna ina jiran makoki. Sai na ji raye-rayen tsohuwar Faransa, masu sauƙin ƙafa, wasu ma kamar da fara'a. Da farko abin ya ba ni haushi. Na sake ji da dare, ni kaɗai, sai na tuna yadda kakata ta yi ranar da aka kawo mata rasuwar autanta: ta tashi ta share tsakar gida tsaf, ta jera kwanuka, ba wanda ya ga hawayenta. Mu da muka san kunya da kara bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Abin da na ɗauka sanyin zuciya ne a ranar 18 ga Janairu, yanzu ina ganin kamewa ce. Na koma na sake sauraron Jeux d'eau ma da wannan kunnen.

22 ga Fabrairu

Mun yi gardama da wani abokina malamin tarihi a kan Chansons madécasses, waƙoƙi uku da Ravel ya yi wa kiɗa a 1925 zuwa 1926, murya ɗaya da sarewa da babban goge da piyano. Baitocin na Évariste de Parny ne, haifaffen tsibirin Réunion, wanda ya buga su a 1787 da sunan waƙoƙin mutanen Madagaska. Ta biyun da ihu take farawa, tana gargaɗin mazauna gaɓar teku su yi hattara da Turawa: sun zo da daɗin baki, aka ba su wuri, suka gina ganuwa suka juyo da bindiga. Ravel bai tausasa ta ba ko kaɗan, kiɗan kansa kamar cizo yake. Lokacin da aka fara rera ta a Paris a 1925 Faransa na yaƙi a Maroko, har wani daga cikin masu sauraro ya tashi ya yi bore.

Abokina so yake in yi kashi guda cur a kan wannan, in nuna Ravel a matsayin mai yaƙi da mulkin mallaka. Na ƙi. Waƙa ɗaya ce cikin aikin shekara arba'in, kuma Madagaskan da ke cikinta ta cikin kan Bafaranshe ce. Abin da zan iya faɗa da gaskiya shi ne ya zaɓi baitin da idonsa buɗe, ya kuma bar shi da kaifinsa. Minti huɗu na ba ta. Ya ce na yi rowa.

7 ga Maris

Yau ce ranar, kuma ban saki komai ba. Duk lissafin da na yi tun Janairu da kalandar Bature na yi shi, ban duba ta Musulunci ba. Sai ga ranar haihuwar ta faɗo a makon farko na azumi, ranar Juma'a kuma. Kawuna ne ya fara tsayar da ni bayan an sha ruwa shekaranjiya: "Yanzu kai a watan nan za ka tura wa mutane kiɗa a waya?" Ban da amsa. Na ɗage zuwa bayan Sallah. Gaskiya ma ɗagewar ta rufa min asiri, don kashi biyu kawai ke hannu.

16 ga Maris

Batun haƙƙin mallaka. A Faransa Boléro ya zama na kowa tun 1 ga Mayu, 2016, kuma a Yunin 2024 wata kotu a Nanterre ta yi watsi da ƙarar masu cewa da hannun wani a cikin aikin, wadda da ta yi nasara da an ci gaba da karɓar kuɗi a kansa. Amma rubutun ne ya zama na kowa, faifan da wata ƙungiyar makaɗa ta ɗauka nata ne. Don haka na nemi wani yaro mai kiɗan piyano a gidajen biki, ko zai kaɗa min karin in yi amfani da nasa bayan Sallah. Da ya ji sau ɗaya ya ce, "Yaya, wannan ai ba komai." Da ya zo bin sa da baki sai ya ɓace a tsakiya. Karin yana da santsi, inda kake zaton zai sauka ba nan yake sauka ba, ya kan riƙe numfashi ya zarce. Ya ce in ba shi mako biyu.

Na ƙarasa rubutun kashi na uku. Asalin aikin ma haɗari ne: Ida Rubinstein, wata shahararriyar mai rawa, ta nemi ya mayar mata da wasu kiɗe-kiɗen piyano na Albéniz ɗan Sifaniya zuwa na babbar ƙungiya don rawa, sai aka tarar an riga an ba wani izinin, shi ne ya ce bari ya yi nasa. Aka fara nuna shi a gidan Opéra na Paris ranar 22 ga Nuwamba, 1928. A 1930 Toscanini, shahararren mai jan ƙungiyar makaɗa, ya kaɗa shi a Paris da sauri fiye da yadda Ravel ke so, aka yi ta tafi, Ravel na cikin zauren ya ƙi tashi ya amsa tafin. Da Baba na wurin da ya goyi bayansa, tunda in an yi sauri ina jan ran?

23 ga Maris

Dare uku ina kan kashi na huɗu bayan an sauko daga tarawihi, kuma shi ne mafi wuya.

Manyan ayyukansa na ƙarshe biyu ne, duka na piyano da ƙungiya. Ɗaya ya rubuta wa Paul Wittgenstein, makaɗin piyano ɗan Ostiriya da ya rasa hannun dama a yaƙin nan dai, a ɗaya ɓangaren. Hannun hagu kaɗai, amma in ka rufe ido ba za ka ce ba hannu biyu ba ne. Wittgenstein ya yi masa gyare-gyare ba da izini ba, suka ɓata. Ɗayan Marguerite Long ce ta fara kaɗa shi ranar 14 ga Janairu, 1932, Ravel da kansa na jan ƙungiyar. Da ƙarar bulala yake farawa, ga ɗanɗanon jaz da ya jiyo a Amurka a 1928. Amma tsakiyarsa piyano ne shi kaɗai na kusan minti uku, yana tafiya a hankali kamar mai magana da kansa. Wanda ya ji zai ɗauka a zama ɗaya ya zubo. Shi kuwa ya ce da ƙyar ya fitar da shi, gaɓa biyu-biyu.

A Oktoban 1932 tasi ɗin da yake ciki ya yi karo a Paris, ya bugu a kai. Tun kafin nan akwai alamu, amma daga 1933 abin ya fito fili. Gwanin iyo ne, sai ga shi ya shiga teku a Saint-Jean-de-Luz hannu ya manta yadda ake yi. Sannan rubutu ya tafi. Akwai wasiƙar ta'aziyya gajeriya da ta ci masa kwana takwas, yana duba ƙamus don ya tuna siffar haruffa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hankalinsa na nan, kunnensa ma na nan. Likitan da ya duba shi shekaru, Théophile Alajouanine, ya rubuta cewa in aka kaɗa masa aikinsa aka yi kuskure yana ganewa nan take. Yana da niyyar yin babban wasan waƙa a kan Jeanne d'Arc, jarumar tarihin Faransa, yana gaya wa abokai cewa yana jin sa a kai, amma ko layi ɗaya bai iya saukewa a takarda ba. A 1935 Ida Rubinstein ta biya masa tafiya Sifaniya da Maroko ko zai samu sauƙi. Sauran lokacin yana gidansa na Montfort-l'Amaury, ɗan ƙaramin gida cike da kayan wasa masu wani, yana zaune yana kallon lambu. A Disambar 1937 likita Clovis Vincent ya buɗe kan, bai tarar da ƙari ba. Ya rasu ranar 28 ga watan yana da shekara 62, aka binne shi a Levallois-Perret kusa da iyayensa.

Na karanta wannan a makirfo sau biyu, duka biyun muryata ta yi nauyi fiye da kima, kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo. Mutumin da ya yi wa abokansa makoki da kiɗan rawa bai cancanci haka daga gare ni ba. Zan sake, in faɗe shi a miƙe.

5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Kashi na ɗaya ya fita shekaranjiya a WhatsApp da Facebook. Masu saurare ba su da yawa tukuna. Wani ya rubuto yana tambaya ko makaɗanmu sun ƙare ne da na tsallaka Faransa. Wata malama kuma ta ce 'yarta ta sa an maimaita mata kiɗan tatsuniyar sau uku. Yaron piyano ya kawo karin, ya kusa, saura wuri ɗaya da yake yanke numfashin da wuri.

Da yamma na kai wa Baba gaisuwar Sallah. Shi ya fara tambaya, "Ina mutumin naka mai ja wa mutane rai?" Na ba shi labarin ƙarshensa, yadda kiɗan ke kai amma hannu ya ƙi. Bai ce komai ba, ya dai dubi nasa hannun. Can ya aiki jikansa ya ɗauko kalangun daga inda yake rataye, ya kakkaɓe ƙura, ya saƙale shi a hammata. Bugun Boléro ya ɗauko, daga ji ɗaya na watanni biyu da suka wuce, sandar na ɗan karkarwa amma bugun na zaune. Sau biyar ko shida ya yi shi yadda yake. A na gaba sai ya matsa igiyoyin, gangar ta ɗaga murya ta sauke, jikan ya fashe da dariya ya ce ai sunan Baba ta kira.

Daƙiƙa arba'in na samu a waya, da kukan akuya a ciki. Ina so in buɗe kashi na uku da shi, amma ban nemi izininsa ba tukuna, kuma ban san yadda zai ji a ce muryar kalangunsa na yawo a intanet ba. Asabar mai zuwa zan koma da goro in tambaye shi. Kafin nan akwai sake ɗaukar kashi na huɗu, da rage minti uku daga na biyu.